Ƙullin da Na Kwance a Bauchi

Mijina magini ne, ɗan magini, kuma duk unguwar Nassarawo ta Jimeta ba a yi mai rowar magana irinsa ba. Ka tambaye shi abu da hantsi, sai bayan la'asar ka ji amsa. Ni kuwa 'yar cikin garin Yola ce, da Fulatanci na tashi. A gidansa na ƙarasa koyon Hausa, da na iya kuwa ban rage masa komai ba, nawa da nasa duk ni nake faɗa.

Mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Dada, 'yar Zariya ce. Tana amarya mijinta, shi ma ɗan Zariya, ya kawo ta Jimeta, ya kuma rasu tun ɗansa bai wuce miƙa ƙasa a kwando ba. Shi ya sa mijina ya iya jera tubali, ya iya yaɓe, ya iya shimfiɗa azara, amma bai gaji baka ba. Baka shi ne rufin nan na ƙasa da ke tasowa daga jikin bango, ya lanƙwasa, ya haɗu a sama ba ginshiƙi ko ɗaya. A ƙarƙashin irinsa aka haifi Dada.

Bayan an gama yaƙin basasa kwanon rufi ya cika gari. Jinkar ɗakin Dada ta ruɓe, ɗanta ya yi abin da kowane ɗa na kirki ke yi a lokacin, ya rufa mata kwano sabo fil, yana ƙyalli tun daga bakin titi. Maƙwabta suka yi ta zuwa sa albarka. Sai bazara ta zo. Wanda bai san bazarar Jimeta ba, ba zan ɓata biro wajen yi masa bayani ba. Tsohuwar nan ta daina barci, ta daina cin abinci, ƙafafunta suka kumbura, ƙuraje suka feso mata a wuya da baya. Wuni take a gindin mangwaro da jiƙaƙƙen zane a ka. Kafin ruwa ya sauko ta zube, har zoben hannunta yana faɗuwa.

Ran nan ɗanta yana durƙushe yana gaishe ta, ta ce, "Ka kyauta, ka sa ni a tanda tun da raina."

Ya sunkuyar da kai.

"Wata bazarar ɗaya zan iya daurewa," in ji ta. "Ta biyu kam ban yi maka alkawari ba."

Kwana uku suka wuce. A na huɗu ya shigo da jakunkuna biyu na soja da ya sayo a kasuwa, masu igiya biyu da ake ratayawa a kafaɗa. Ya ce zai bi tsofaffin fadoji da masallatai ya ga yadda aka yi rufinsu, ya dawo ya gina wa Dada soro.

"Jaka biyu, bayanka ɗaya," na ce.

"Ɗaya ta kayan aiki ce."

"Ƙarya kake, Magini. Kai da ba ka iya tambayar hanya ba? A tashar farko yunwa za ta kashe ka, kana tsaye kusa da mai tuwo kana jin kunya."

Dada na jin mu daga gindin mangwaro. Ta ce, "Tafi da bakinka, ɗana. Kada ka bar shi a gida ya dame ni." Ni ce bakin. Goggon yara ta dawo gidan don ta kula da ita, mu kuma da kaka ta yi muka kama hanya mu huɗu: ni, da shi, da 'yarmu ta fari da ƙanwarta ke kira Adda, mai shekara tara, da Auta mai biyar.

Tun a tashar Jimeta aka fara yi mini dariya. Mace da kanta lafiya lau, ga gammo a duniya, ta goya kaya a baya. Wata mai ƙosai ta ce, "Goggo, ai yaƙi ya ƙare!" Na ce mata nawa yanzu zan fara. A cikin jakata akwai tukunya ɗaya, da zannuwa, da daddawa, da tsinken kitsona da man shanu. A tasa akwai kayan aiki da igiyoyin rama bakwai, kowace da ƙyalle mai launi daban a bakinta.

Garin Gurin muka fara zuwa, wajen tsohon masallacinsu. Na zauna a inuwa da Auta, shi da Adda suka zaga. Da na ɗaga kai na ga ginin, kara ne da zana, mutanen gari ke sabunta shi da hannunsu.

"Mun sha wannan hanya don mu ga kara?" na ce.

"Wurin ya girmi kakarki," in ji shi. Ya ciro igiya ya auna duk da haka.

Daga nan muka yi arewa, muka hau dutsen Sukur. A nan na daina jin haushin jakar, don hanyar duwatsu ce da aka shimfiɗa tun zamanin da, tana hawa tana hawa, da kaya a ka da ban kai ba. Gidan sarkinsu dutse ne kan dutse, babu ƙasa a tsakani ko ta shafawa. Akwai wuraren ibadarsu da aka ce kada mu taɓa, na riƙe hannun Auta har sai da ta yi kuka. Mijina kuwa ya dafa katangar nan da tafin hannu kamar mai jin zazzaɓin yaro. Matan wurin suka ba mu kunu, muka yi ta yi wa juna dariya, ba mai jin yaren wani.

Ba zan lissafa duk inda muka kwana ba. Mun ga katanga mai kauri a Dikwa, wadda Adda ta kwanta a kanta a gicciye ba ta kai ƙarshe ba. Mun yi wata guda a Maiduguri, da yake nan ce hedikwatar jiharmu a lokacin, aiki bai yi wuya ba. Ko'ina muka sauka shi yakan nemi aikin yaɓe, ni kuma in shimfiɗa tabarma in kama kitso. Kitson Yola baƙo ne a can, mace ɗaya in ta fita da shi, gobe biyar za su zo. Da shi muka ci, da shi muka shiga mota. Auta ta koyi cewa sannu da yare huɗu, ta kuma koyi barci a kan buhun albasa.

A Kano ya fara ganin abin da ya fito nema. Wani tsohon zauren sarauta ne, Adda ta ce da suka shiga ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, bai ko sani ba, ita ta tsince ta. A Zariya kuma, a tsohon masallacin Juma'a, ya shiga da azahar bai fito ba sai da aka yi la'asar. Da ya fito idonsa ja.

"Me ya faru?" na ce.

"Mutum ne ya yi wannan," in ji shi. "Da ƙasa."

Akwai dattawan magina a garin, na ce ya je ya tambaye su. Ya je, sun karɓe shi, sun ba shi fura, sun tuna da zuriyar ubansa. Da suka ce ai ɗan gida ne, gado ya bi, sai kunya ta rufe shi. Yaya ɗan magini da gemunsa zai buɗe baki ya ce bai san baka ba? Ya sha furarsa ya yi godiya ya taso. Wannan ban sani ba sai daga baya. Abin da nake gani shi ne kullum ya fita da Adda da igiya, ita ta riƙe baki ɗaya, shi ya ja ɗaya.

Ni kuma a Zariyan aka kira ni kitso cikin wani tsohon gidan sarauta, can ciki inda namiji baƙo ba ya shiga. Matan gidan da yawa, kwana goma sha ɗaya na yi ina zuwa. Inda suka ba ni wurin zama wani ɗaki ne da aka daina kwana a ciki, an tara itace a gefe, amma sanyinsa kamar randa. Can nake wuni da kan mutum a cinyata. Da yamma in koma masauki, ba ya tambayata me na gani, ni ma ba na tambayarsa. Haka muke.

Wata takwas muka yi. Muka juyo gida ta Bauchi, a nan ruwan farko ya same mu a bayan mota, ya jiƙa mu har cikin jaka. Muka sauka a gidan wani mai masauki kusa da tasha, muna jiran motar da za ta yi wajenmu. Da safe mijina ya tafi tasha, yara suka bi 'ya'yan gidan rijiya, ni kuma na zazzage jakunkuna don in shanya kaya. Igiyar shanyar gidan ta cika. Sai na ga igiyoyinsa bakwai a jiƙe, sun cukurkuɗe, kowace ƙulli ne a kan ƙulli, wani guda, wani biyu a manne, wani da ɗan tsinke a soke.

Ni mai kitso ce. Ba na iya ganin abu a cukurkuɗe in wuce. Na san da igiya yake awo, wannan kam na sani. Abin da na ɗauka shi ne awon yana kansa, ƙullin kuwa ƙazantar namiji ce da ba ya gyara kayansa. Na ɗauko tsinkena na zauna. Igiyar rama in ta jiƙa ƙullinta cije yake, sai da farcena biyu suka karye. Kafin azahar na kwance su tas, na ɗaura biyu na yi shanya, na naɗe biyar sumul kamar sababbi. Har ina jiran yabo.

Adda ce ta fara shigowa da tulu a ka. Ta dubi shanyar, ta dubi igiyoyin da ke gabana, sai ta saki tulun.

"Inna! Masallacin Zariya kika shanya zane a kai!"

"Wane irin masallaci?"

"Mai jan ƙyallen! Ƙulli ɗaya faɗi, biyu tsawo, mai tsinke inda baka ya fara. Inna, Kano ma? Duka?"

Ƙullin nan shi ne rubutunsa. Shi bai yi boko ba, ni ma a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wata takwas na tafiya, da bazarar da Dada ta sha ita kaɗai a cikin kwano, duk suna jikin igiyar nan, ni kuma na tsefe su kamar tsohon kitso.

Da ya dawo bai yi tambaya ba, ido ya gaya masa. Ya tsuguna, ya ɗauki mai jan ƙyallen da na riga na sauke, yana jan ta a hankali tsakanin yatsunsa, yana neman inda ta lanƙwashe. Jiƙa da naɗi sun shafe komai.

"Kin yi aiki," in ji shi.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tunda bai yi ba, ni na yi. Na ce laifinsa ne, wata takwas muna cin tuwo a kwano ɗaya bai taɓa buɗe bakin nan nasa ya ce wance, wannan ƙullin kada a taɓa ba. Na ce yarinya 'yar shekara tara ta sani, uwarta ba ta sani ba. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Fulatanci, matan gidan suna leƙe. Sannan na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar uwata. Komawa Zariya ba ta taso ba, damina ta kama, ga saƙo ya riske mu tun a can cewa jikin Dada ya ƙara rauni.

Daga Bauchi har Gombe, daga Gombe har Numan, bai yi magana ba. Wannan shirun daban ne da wanda na saba. A Numan motoci suka yi layi a bakin kogi ana jiran jirgin fito, rana tsaka, muka sauka muka zauna a inuwar motar. Yara suka tafi kallon masu kifi.

"Magini," na ce. Haka nake kiransa in ina neman faɗa ko ina neman sulhu, shi ke gane wanne ne. "Da ƙullin yana nan, da ka iya bakan?"

Ya ce, "Da na gwada."

"Ban ce gwaji ba."

"Bayan bakan kawai na auna," in ji shi. "Duk inda na je a yaɓe yake. Abin da ke cikin yaɓen ban gani ba."

"Azarar? Wadda ake ɗorawa hawa-hawa?"

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

Ɗakin da na yi kwana goma sha ɗaya ina kitso a cikinsa, ruwa ya cinye yaɓen bakansa ta gefe guda tun da daɗewa, ƙashin ginin duk a waje. Mai kitso in wuyanta ya gaji sama take kallo. Na kalli abin nan har na haddace shi ba da niyya ba, don ya yi mini kama da aikina: kama wannan, ɗora wancan a kansa kafin ya ƙare, ɗaure, sake ɗorawa.

Na tashi na karɓi tsintsiyar yaron motar, na zare tsinke ashirin, na ciro zaren kitso. Na kafa na farko a yashi a tsaye. Na ɗora na biyu a jikinsa ya ɗan rusuna, na ɗaure wuri uku. Na uku ya fi rusunawa. Hawa biyar ta nan, biyar ta can, suka haɗu a sama.

"Ba guda-guda ba ne," na ce, "huɗu-huɗu ne a jere, kuma bakinsu ba ya ƙarewa wuri ɗaya, kamar yadda ba a ƙara gashi duka a gaɓa ɗaya. Inda suka hau juna, daga gwiwar hannuna ne zuwa yatsa."

"Daga ina ya taso a bango?"

"Kafaɗata, ina tsaye."

"Faɗin ɗakin?"

"Tabarma uku a jere, da wurin ajiye takalmi."

Ya kwanta rub da ciki a yashin nan, babban mutum, yana leƙen tsinken tsintsiya ta ƙasa. Direba na ta kira jirgi ya iso. Ya ce, "Kwana goma sha ɗaya, ba ki faɗa ba?"

"Ka tambaya?"

Sai ya yi dariya. Fasinjoji suka juyo, ni ma na tsorata, don rabon da in ji ta tun haihuwar Auta.

Mun sami Dada da rai, amma sai an ɗaga ta. Damina ta ba ta ɗan sauƙi. Ruwa na ɗaukewa ya sayo azarar giginya, ya fara gwaji da ƙaramin baka a ɗakin awaki. Cikin kwana biyu ya ɗora hawa biyar ɗin ya yaɓe, ya yi kyau ƙwarai. A rana ta uku ya rufto, Allah ya sa awakin suna waje. Ya dube ni, na ce iyakar abin da na gani ke nan, kada ya kalle ni.

Dada na kwance a tabarmarta, ta sa aka kira shi.

"Gaggawar me kake yi, kamar mai gudun biki?" in ji ta. "Ubanka in ya ɗora hawa ɗaya ya yaɓe, sai ya sauko ya yi kwana huɗu yana zaune yana cin goro. Na yi ta masifa ina cewa malalaci na aura. Ya ce ƙasa yake jira ta bushe ta riƙe na gaba."

"Dada, kin san wannan tun da can?"

"Ka tambaya?" in ji ta. Na rantse ban gaya mata abin da ya faru a Numan ba, sai dai ko Adda.

Haka ya yi da ya kama soron Dada. Ya ɗora hawa, ya sauko ya zauna, ni kuma in wuce in ce sannu da aiki, malalaci. Wajen ɗaurin azara igiyar da ya saya ta ƙare a hawa na huɗu. Na shiga ɗaki na ɗauko guda bakwai ɗin nan da ƙyallayensu na ajiye a gabansa, ban ce komai ba, wanda a wajena ba ƙaramin abu ba ne. Ya ɗauki mai jan ƙyallen ya hau da ita. Suna can cikin yaɓen har yau.

Saura kwanaki zafi ya kama muka ɗauke ta, ni da Goggon yara, muka shigar da ita sabon soron. Muka kwantar da ita a tsakiya. Ta daɗe tana kallon sama, shi yana durƙushe a bakin ƙofa, yara a bayansa.

"Ƙafar gabas ta karkace," in ji ta.

"Ta karkace, Dada."

"Ta ubanka ma takan karkace. Ku fita, kun tare mini iska."

Da azahar na leƙa da kunu, na same ta tana barci har da minshari, zanen rufa a ƙafarta. Na koma da kunun na ce wa yara duk wadda ta yi motsi sai na yanke mata kunne. Bazara huɗu ta ƙara yi a ɗakin, tana cin tuwonta, tana yi mana faɗa ni da ɗanta ba bambanci.